Sheƙi Ko Amo? Tsokaci A Kan Tsohuwar Ganga Da Sabon Fenti

Gabatarwa

Shekarun baya, a wata makarantar sakandare da muka koyar, an gaji wasu gangunan fareti guda biyar waɗanda babu malamin da ya san ranar da aka kawo su. Fentinsu ya koɗe, ƙarafunansu sun yi tsatsa, amma duk ranar Litinin da su ake shiga taron safe. Ana nan sai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta yi karo-karo, aka kwashi gangunan aka kai wa wani gwanin kafinta a cikin gari, ya kankare su, ya yi musu feshi. Ran da aka dawo da su har malamai sai da suka fito kallo, domin mutum na iya duba fuskarsa a jikinsu kamar madubi. To, da faretin ranar 1 ga Oktoba ya gabato, sai gardama ta kaure a ɗakin malamai. Wasu suka ce ko kusa ba za a ba yara su ba, su je su ƙuje su a fili bayan duk kuɗin da aka kashe. Wasu kuma suka ce in ba za a kaɗa ba, mene ne amfanin gyaran?

A lokacin mun ɗauka ƙaramar hayaniya ce irin ta ɗakin malamai. Daga baya ne muka gane cewa tsohuwar muhawara ce, kuma masu tara tsofaffin gangunan kiɗan Turawa, musamman a Amurka, sun daɗe suna fama da ita. Tambayoyi biyu ne a cikinta. Ta farko: ya halatta a mayar da tsohon abu sabo? Ta biyu: idan an mayar, wane ne ya fi haƙƙi a kanmu, sheƙin da ido ke gani ko amon da aka yi gangar dominsa? Waɗannan su ne za mu ɗan tattauna, kuma mai karatu zai ga cewa mu marubuta ma abin ya shafe mu.

Asalin Fentin Da Halinsa

Kafin a yanke wa abu hukunci, ya kamata a san shi. A farkon shekarun 1920 ne kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda ake haɗawa da sinadarin naitiroselulos. Masu ƙera motoci ne suka fara rububinsa, domin kafin zuwansa fentin mota kan ɗauki makonni bai bushe ba, shi kuwa feshi ake yi ya sha iska nan da nan. Ba a daɗe ba masu yin kayan kiɗa suka karɓe shi. Kamfanonin ganguna irin su Gretsch, wanda aka kafa a Brooklyn a 1883, da Ludwig, wanda aka kafa a Shikago a 1909, da Slingerland, duk sun yi shekaru suna sayar da ganguna masu wannan fenti, sau da yawa launi biyu a haɗe, kamar shuɗi da ruwan azurfa, ko baƙi da ruwan zinariya. Abin mamaki, a wancan zamani su ne masu araha, domin gangar da aka naɗe wa rigar roba mai ƙyalli ta fi su tsada. Yau kuwa neman su ake yi ruwa a jallo.

Fentin yana da kyau, amma kyan nasa da rauni yake tafe. Bushewa yake yi ta hanyar ficewar ruwan da aka dama shi da shi, saboda haka duk ranar da irin wannan ruwa ya sake taɓa shi, kamar tina ko turare mai barasa, sai ya narke ko ya yi dabbare-dabbare, ko da ya shekara hamsin. Hasken rana yana sa shi ya koma ruwan ɗorawa. Idan aka fito da ganga daga wuri mai sanyi aka shiga da ita wuri mai zafi farat ɗaya, ice da fenti ba sa motsawa tare, sai fentin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Roba da wasu irin leda ma abokan gabarsa ne, domin in sun daɗe a jikinsa sukan manne, su bar tabon da ba ya goguwa.

Saboda haka masu wannan sana'a suka tsara wa kansu ƙa'idoji. Bayan feshi sukan bar ganga kamar wata guda kafin su goge ta ko su shafa mata kaki, domin saman fentin kan bushe alhali cikinsa da sauran laushi. Sukan share ƙura da tattausan ƙyallen auduga, a hankali, don ƙura yashi ce, in aka murza ta sai ta zana. Sukan shafa kakin karnoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Burazil, su kuma guji man goge-goge mai silikon, domin shi yakan shige cikin tsaga ya hana sabon fenti kamawa in an zo gyara nan gaba. Ba sa ɗaure notin ƙarafuna da ƙarfi, kada fentin ya fashe a gindinsu. Sukan ajiye gangar a inuwa, cikin jaka mai shafin auduga, a ɗakin da ba shi da laima da yawa kuma bai bushe ƙayau ba. Mu da muka san yadda hunturu ke tsaga ƙofar katako da leɓen mutum, ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan sharaɗi na ƙarshe.

Duk wanda ya duba waɗannan ƙa'idoji zai ga babu mai wuya a cikinsu. Haƙuri ne kawai da kula. Wahalar tana wani wuri daban.

Tambaya Ta Farko: Mayar Da Tsoho Sabo

A kasuwar tsofaffin ganguna akwai abin da kan ɗaure wa baƙo kai. Gangar da ke da fentinta na asali, ko da ya tsattsage ya koɗe, galibi ta fi wadda aka sake wa fenti daraja, kome kyan aikin da aka yi mata. Ke nan mutum na iya kashe kuɗinsa da lokacinsa ya rage wa kayansa ƙima. A watan Disamba na 2015 an yi gwanjon gangunan Ludwig da Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, ya yi aiki da su tun 1963, aka saye su a kan kuɗi fiye da dala miliyan 2. Babu mai cewa ƙyallinsu aka saya, domin da kaso kaɗan na wannan kuɗi za a sami sababbi fil waɗanda suka fi su ƙyalli. Hannun da ya kaɗa su aka saya, da wuraren da suka shiga. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan ra'ayi yana da magabata. A 1849 wani marubucin Ingila, John Ruskin, ya yi tir da masu sabunta tsofaffin gine-gine, yana ganin aikinsu rushewa ce da aka lulluɓe da ƙarya, domin sun shafe hannun maginin farko sun sa nasu, sa'an nan suna kiran ginin da tsohon sunansa. A zamani guda kuma, a Faransa, akwai magini Viollet-le-Duc, wanda shi a ganinsa mai gyara na da ikon cika gini ya kai shi ga kamala, ko da kamalar da bai taɓa samu ba a da. Tun kafin su, marubucin Girka Plutarch ya kawo labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa canja masa katako ɗaya bayan ɗaya in ya ruɓe, har masana suka shiga musu: shin jirgin nan shi ne na da, ko wani ne?

Ganga ta fi jirgi dacewa da wannan musu, domin ita tun ran da aka yi ta an san za a canja mata wasu sassa. Fata takan fashe a sake. A ƙasashen Turawa ma, tun daga 1957 da kamfanin Remo ya fito da fatar roba, yawancin makaɗa suka bar fatar maraƙi, kuma babu wanda ya ce gangunansu sun tashi daga zama na da. A nan gida haka abin yake. Makaɗin kalangu yakan sake fata, ya sake tsarkiya, ya sake gula sau ba adadi, amma in ka tambaye shi zai ce maka kalangun nan na mahaifinsa ne. Abin da yake nufi shi ne kango. Muddin kangon na nan, gado na nan.

Daga nan muke ganin mafita. Fenti riga ce da aka sa wa kango don ta kare shi daga laima da gumi da ƙwari. Idan rigar ta yage har ice ya fito fili, sabunta ta jinƙai ne ga gangar, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma idan tsufa kawai ta yi, tana kuma tsare da icen, to kankare ta don ido ya ji daɗi ɓarna ce, domin abin da aka kankare ba ya dawowa. Akwai ma haɗari na biyu. Bakin kango, inda fata ke zama, shi ne ke riƙe da muryar ganga, kuma mai gaggawa da samfefa yana iya cinye shi. Ganga ta fito tana walƙiya, muryarta ta tafi: garin gyaran gira an rasa ido.

Sharaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne gaskiya. Wanda ya sake wa ganga fenti ya faɗa, ya rubuta ma a takarda ya ajiye tare da ita, shekara kaza aka yi, da fenti iri kaza. A yarjejeniyar adana kayan tarihi da masana suka ƙulla a birnin Benis na Italiya a 1964, an nemi duk abin da mai gyara ya ƙara ya zama ana iya bambance shi da na asali, don kada a gurɓata shaidar tarihi. Gine-gine suke magana a kai, amma hikimar ta game. Mu kuwa tun muna makarantar allo muka ji labarin mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshen a sama, da irin gargaɗin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa a kan algus. Mai sabon fenti da ya sayar da shi da sunan na asali ɗan'uwan wancan mutum ne. Haka nan wanda ya yi sabon fenti sa'an nan ya tsattsaga shi da gangan don ya yi kama da tsoho, domin wannan ma ana yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko an shafe bakinsa da kaki.

Tambaya Ta Biyu: A Adana Ko A Kaɗa?

To, an yi gyara bisa gaskiya, ganga ta fito tana sheƙi. Yanzu fa? A nan ne malamanmu suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Masu cewa a adana ba marowata ba ne. Suna ganin kayan amana ne a hannunsu, an karɓo daga na baya, za a miƙa wa na gaba, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya. Sun san halin yara, sun san halin filin fareti. Addininmu ma bai hana son kyau ba, ya hana almubazzaranci, kuma barin abin da aka kashe wa dukiya ya lalace cikin mako guda almubazzaranci ne.

Masu cewa a kaɗa su ma ba 'yan sakaci ba ne. Hujjarsu ita ce kowane abu da dalilin da ya sa aka yi shi. An yi tukunya don girki, an yi takalmi don tafiya, an yi ganga don amo. Gangar da ba a kaɗawa ta zama akushin ado. Wanda ya kare fentin ya hana amon, ya tsare riga ya kashe mai rigar.

Mun daɗe muna juya wannan magana, kuma abin da ya bayyana gare mu shi ne ɓangarorin biyu sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Tabo iri biyu ne. Akwai tabon sakaci, akwai tabon aiki. Tabon sakaci shi ne na gangar da aka manta a rana, ko aka jefa a bayan mota tare da ƙarafuna, ko aka ɗora mata kofin shayi. Wannan babu abin da ya ƙara wa kowa, kuma duk ƙa'idojin da muka lissafa a baya dominsa aka yi su. Tabon aiki kuwa shi ne inda gula ta kuskure fata ta sami gefe, da inda maɗauri ya goge, da inda gumin makaɗi ya dushe fenti. Wannan shi ne kuɗin amo, kuma babu yadda za a ji kiɗa ba a biya shi ba. Wajibinmu mu yaƙi na farko iyakar ƙarfinmu, mu kuma karɓi na biyu da zuciya ɗaya. Mai hankali ba ya kunyar kantar hannun manomi, amma yana kunyar ƙazantar farcen malalaci.

Ga wani abin lura kuma. Tabon da masu tara ganguna ke biyan maƙudan kuɗi dominsa a yau, tabon aiki ne na jiya. Da makaɗan da suka gabata sun kulle gangunansu don tsoron ƙujewa, da yau babu tarihin da za a saya. Wanda ya hana a kaɗa gangar da ya gyara, ya hana ta sake tara irin abin da ya sa ta yi daraja tun farko.

Mutanen Japan sun nuna cewa ana iya haɗa biyun. Suna da wata 'yar ganga mai suna kotsuzumi, wadda ake kaɗawa a wasan kwaikwayonsu na gargajiya mai suna Noh. Siffarta kamar ta kalangu, tsakiya a tsuke, kuma makaɗi na matsa igiyoyinta don ya sauya murya, kamar yadda namu ke matsa tsarkiya. Kangonta na icen ceri ne, a shafe da wani fenti na ɗanyen ƙaron bishiya da suke kira urushi, sau da yawa da zanen garin zinariya a kai. Akwai kangunan da suka yi ɗaruruwan shekaru, ana gadonsu daga malami zuwa almajiri, har yau kuma ana fita da su fage. In an gama wasa sai a kwance, a goge, a naɗe cikin ƙyalle. Abin da ya raya su shi ne an koya wa mai kaɗawa ladabin riƙewa tun yana yaro.

Ba mu ce babu togaciya ba. Akwai gangar da ta kai matsayin da kaɗa ta ganganci ne: wadda icenta ya gaji, ko wadda ita kaɗai ta rage a irinta. Irin wannan gidan tarihi ya dace da ita, kamar yadda ake ajiye kayan kakanni a Gidan Makama a Kano, domin aikinta ya koma na ba da shaida. Tsoho ma yakan kai lokacin da za a ce ya huta da noma ya zauna ana neman shawararsa. Kuskuren shi ne a yi wa mai sauran ƙarfi ritayar dole don kawai an ɗinka masa sabuwar riga.

Ina Ruwan Marubuci?

Mai karatu zai ce, me ya kawo maganar fenti cikin mujallar marubuta? Ai mu ma masu gyaran tsofaffin ganguna ne. Duk wanda ya ɗauko tsohuwar waƙa daga ajami zai mayar da ita boko, ko ya zauna da kaset yana rubuta waƙoƙin Narambaɗa ko na Shata, samfefa ce a hannunsa. Sau nawa muka ga an ɗauki waƙar Basakkwace an goge mata karin harshenta, an mayar da ita daidaitacciyar Hausa don ta yi santsi a ido, alhali ma'aunin waƙar da amsa-amonta a kan wancan kari suka tsayu? Wannan shi ne cinye bakin kango. Sau nawa kuma aka cike giɓin baitin da ya goge da kalmomin mai gyara, ba tare da an sanar da mai karatu ba? Wannan shi ne sabon fenti da sunan na asali. Gyara halas ne, amma a nuna inda aka taɓa.

Tambaya ta biyu ma tana nan a cikinmu. Kusan kowane reshe na ƙungiyarmu yana da mutumin da ya rubuta littafi shekara da shekaru, yana ta gogewa, yana ta shafa kaki, ya ƙi kawo shi ko zaman karatu don tsoron kada 'yan sharhi su ƙuje shi. Muna kira ga irin wannan ɗan'uwa, musamman masu tasowa, da ya tuna cewa sukar mai nazari tabon aiki ce. Kuskuren rubutu da rashin bin ƙa'ida su ne tabon sakaci, waɗannan a gyara su tun a gida. Bayan haka a fito da littafi fili a kaɗa, a ji muryarsa.

Kammalawa

Wataƙila mai karatu na son jin yadda aka ƙare da gangunan makarantarmu. Masu cewa a adana ne suka yi rinjaye. Aka naɗe gangunan cikin wata leda mai kauri, aka kulle su a sito mai rufin kwano, aka ari na maƙwabta aka yi fareti. Mu ma, sai mu faɗi gaskiya, ba mu yi musu mai ƙarfi ba a ranar, domin sheƙin ya ɗauke mana hankali kamar kowa. Bayan damina biyu da hunturu biyu aka buɗe don wani biki. Ledar ta manne wa fentin, inda aka ɓamɓare ya bar tabo, sauran jikin kuma ya tsattsage, fatu biyu sun saki. Ɗaliban da suka iya kaɗa su kuwa sun gama makaranta sun tafi, ba su koya wa kowa ba. Fentin kafinta zai iya sake shi in an sami kuɗi. Hannun yaran nan ne har muka bar makarantar ba a mayar ba.

Da an tambaye mu yau, da mun ce a fito da su, a zaɓi yara biyar a damƙa wa kowa tasa da sunansa, a ba shi ƙyalle da jaka, a koya masa inda ake ajiyewa da inda ba a ajiyewa, sa'an nan a ce ya kaɗa. Da gangunan sun tsufa, amma tsufa na mutunci, kuma da yaran sun koyi riƙon amana, wanda shi ne babban abin da aka turo su makaranta su koya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, Ya kuma sa mu miƙa shi ga na baya da muryarsa, amin.